Wane suna za a rubuta maka a takardar aiki? Shawara ga mai horas da mutane ta intanet

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure a Rafindaɗi, jakar kwamfuta a kafaɗa, da wata 'yar takarda a hannu da ya ninke har ta fara laushi. Shekararsa biyu yana koyar da kwamfuta a wata cibiya mai zaman kanta can wajen Ƙofar Ƙaura. Bana cibiyar ta samu aikin horas da malaman firamare na ƙananan hukumomi da dama, tun daga Mani da Daura har Baure, kuma galibin karatun ta waya za a yi shi. Shi aka ɗora wa nauyin. Mai cibiyar ya ce za a sake mashi takardar ɗaukar aiki, ya je ya yi shawara ya kawo sunan muƙamin da yake so a rubuta.

"Kawu, ga su nan guda shida na tsinto a LinkedIn," in ji shi, yana nufin shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. "Ni dai na manajan nan ya fi kwanta mani a rai."

Na ce ya ajiye takardar tukuna, ya ba ni labarin makon da ya wuce, tun daga Litinin.

Litinin da Talata ya yi su a kan wani rubutu mai shafi 40 da wani malamin kwalejin ilimi ya ba shi, kan yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya haɗa baƙi. Ya yayyanka shi zuwa darasi 9, kowanne bai wuce minti 7 ba, ya zubar da abin da malamin ƙauye ba zai yi aiki da shi gobe da safe ba, ya sa tambaya uku-uku a ƙarshen kowane darasi. Daren Laraba ya naɗi murya da Hausa. Sai da ya jira maƙwabcinsu ya kashe janareto wajen ƙarfe 11, ya rataya bargo a taga don kada haushin karnuka ya shiga. Alhamis ya wuni yana matse bidiyon don kada ya cinye wa malamai data, ya loda shi a Moodle, dandalin da ake ɗora darussa a intanet. Juma'a kuwa mutum sama da 30 ne suka tuntuɓe shi ta WhatsApp sun manta lambar sirrinsu. Asabar ya yi zama na awa biyu a Zoom, layi yana yankewa yana dawowa. Lahadi da yamma ya haɗa rahoton wanda ya gama da wanda bai fara ba.

A wani babban kamfani na Legas ko na ƙasar waje, wannan makon aikin mutum huɗu ne, kowa da sunansa. A Katsina mutum ɗaya ne, kuma daga nan matsalar take tasowa. Duk sunan da ka ɗauka zai haska wani ɓangare na aikinka ya rufe sauran. Hausawa suka ce suna linzami, kuma a wurin aiki na ga gaskiyar haka da idona: sunan da ke kan takardarka shi ke jan irin aikin da za a riƙa turo maka gobe, shi ke nuna matakin albashin da za a ajiye ka, shi ne kuma abin da mai neman ma'aikaci zai rubuta a wurin bincike bayan shekara uku, ya gan ka ko ya wuce ka. Mu da muka tashi muna jin Sarkin Aska da Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan. Da jin sunan ka san matsalar da za ka kai wa mai shi.

Na fara mashi da wanda ya fi kowanne tsufa a ƙasar nan, Jami'in Horaswa, wanda a ofis ake cewa tirenin ofisa. Tun 1971 aka kafa Asusun Horas da Ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, kuma kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu na shekara a wannan asusu. Idan kamfani ya nuna shaidar cewa ya horas da ma'aikatansa yadda aka tsara, ana mayar mashi da wani kaso na kuɗin. Wannan ya sa bankuna da masana'antu suka daɗe da ajiye mutumin da aikinsa ke nan. Amfanin sunan a fili yake. Babban sakatare a sakatariyar jiha ya san shi, manajan banki a titin IBB ya san shi, ƙungiyar agaji da ta zo aiki Katsina ta san shi. Ba sai ka tsaya kana fassara kanka ba. Kalmar jami'i kuma tana da gurbi a tsanin albashi na kusan kowace ma'aikata, ana hawa daga ita zuwa babban jami'i, daga nan a wuce gaba.

Illarsa biyu ce. Ta farko, bai ce komai a kan intanet ba. Wanda ya gan shi zai ɗauka kai mai tsayuwa gaban allo ne da majigi. Ta biyu ta fi ciwo. A wurare da yawa jami'in horaswa yakan koma mai kama ɗakin taro, mai odar shayi da abincin rana, mai riƙe takardar sa hannun alawus. Wani ne daga Abuja zai zo ya koyar, kai kuma kana ƙofa kana ƙirga kwalaben ruwa. Aiki ne na halal kuma dole wani ya yi shi, amma mutumin da ya iya mayar da shafi 40 darasi 9 bai kamata ya ƙare a nan ba. Maganin illar farko mai sauƙi ne, a ƙara kalmomi biyu ya zama Jami'in Horaswa ta Intanet. Ta biyu sai da takardar bayanin ayyuka, zan zo kanta.

Suna na biyu shi ne wanda na fi so wa yaron idan ya ƙara ƙwari, Mai Tsara Darussa, wanda da Turanci kunne ke jin sa kamar "instirakshinal dizaina". Sana'a ce mai asali. Ta samo tushe ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Amurka suka buƙaci horas da ɗimbin mutane cikin gaggawa, suka ɗauko masana halayyar ɗan Adam irin su Robert Gagné suka sa su nazarin yadda mutum ke koyon aiki mataki-mataki. A 1975 Jami'ar Jihar Florida ta tsara wa sojojin hanyar da daga baya aka sani da ADDIE, mai matakai biyar: ka binciki buƙata, ka zana tsari, ka haɗa kayan karatu, ka gudanar, ka auna sakamako. Kafin nan, a 1959, Donald Kirkpatrick ya fito da matakai huɗu na auna horo: shin mutane sun ji daɗinsa, shin sun koya, shin sun sauya yadda suke aiki, shin wurin aikin ya ga amfani. Duk wanda ya ɗauki wannan suna, a ranar intabiyu waɗannan abubuwa za a tambaye shi.

Aikin mai tsara darussa yana farawa ne tun kafin a kunna kwamfuta. Zai zauna da masanin fannin, likita ne ko malamin lissafi ko jami'in gona, ya tambaye shi: in an gama wannan horon, me kake so mutumin ya iya yi wanda bai iya ba jiya? Daga amsar zai yanke abin da zai shiga da abin da za a bari. Abin da ɗan ƙanwata ya yi Litinin da Talata ke nan, ko da yake bai san sunansa ba. Sunan yana tafiya nesa. Kamfanonin Amurka da Kanada da Indiya da manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna tallata gurbin aiki da shi, kuma aiki ne da ake iya yi daga ɗaki a Sabuwar Unguwa muddin akwai wuta da layi. Ga mai burin aikin nesa da ake biya da kuɗin waje, cikin shidan nan babu wanda ya kai shi buɗe ƙofa.

Sai dai a gida kalmar dizaina ta riga ta tafi wani wuri. Ka ce kai dizaina ne a Katsina, washegari wani zai kawo maka katin ɗaurin aure ko fostar ɗan takarar kansila. Ko a cikin ofis ɗin da kake, abokan aiki za su riƙa turo maka takardunsu ka ƙawata masu. Sannan akwai maganar amana. Idan ainihin aikinka shi ne karɓar rubutun wani ka loda shi yadda yake, kada ka ɗauki wannan suna. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni samfuri suke nema. Za su ce nuna mana darasin da ka tsara, gaya mana dalilin da ya sa ka fara da wannan ka ƙare da wancan, kuma ta yaya ka san sun koya. Wanda ba ya da abin nunawa zai fito daga ɗakin ya rasa aikin, ya kuma bar masu shakka a kan sauran abin da ke cikin takardunsa. Ga wanda ya fito daga sashen ilimi na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, rabin wannan sana'a ya riga ya karanta ta a darasin tsara manhajar karatu da rubuta shirin darasi. Da yawansu ba su san abin da ke hannunsu yana da kasuwa ba, kuma wannan yana damuna.

Kusa da shi akwai Mai Haɗa Darussan Intanet, wato dibelofa. Bambancinsu kamar na mai zanen gida ne da magini. Na farko ya ce ga inda ƙofa za ta zauna, na biyu ya ɗora bulo. Mai haɗa darasi shi ne gwanin manhajojin haɗa darussa: Articulate Storyline, Adobe Captivate, ko H5P wanda kyauta ne, da manhajojin yanka bidiyo da gyaran murya. Shi ya san SCORM, ƙa'idar da wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka ya fitar a shekarar 2000 don darasin da aka haɗa a wuri ɗaya ya yi aiki a kowane dandali, ya kuma riƙa kai rahoton makin ɗalibi. Wannan suna ya dace da wanda daren Laraba da wunin Alhamis suka fi yi mashi daɗi a mako, wanda zai iya kwana yana gyara daƙiƙa goma na bidiyo bai gaji ba. Amma abu biyu na gaya wa yaron. Lasisin manyan manhajojin nan da dala ake biyansa duk shekara, kuma ƙaramar cibiya a Katsina da wuya ta saya, don haka za ka riƙe sunan alhali ba ka taɓa kayan da masu sunan ke aiki da su a waje ba. Kuma a Nijeriya in an ji dibelofa, hankali kan tafi wurin mai rubuta manhaja. Za a kira ka intabiyu a tambaye ka yaren kwamfuta da ba ka sani ba.

Na huɗu shi ne Mai Kula da Dandalin Karatu, admin kamar yadda ɗalibai ke kiransa. Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, kyauta ne, shi ya sa makarantu da yawa a Afirka suka rungume shi. Google Classroom ya zo a 2014. Kowane irin dandali yana buƙatar mai buɗe wa ɗalibai asusu, mai raba su rukuni-rukuni, mai ajiye kwafin bayanai don gudun ɓacin rana, mai fitar da rahoto. A babbar makaranta mai dubban ɗalibai wannan cikakken aiki ne, kuma mai shi ba ya rasa daraja, domin ranar jarrabawa idan dandali ya tsaya kowa shi yake nema.

A ƙaramin wuri kuwa ina jan kunnen duk wanda ya tambaye ni. Shekarun baya na yi aiki a wata ma'aikata inda aka ɗauke ni don horas da ma'aikata, amma aka saƙa kalmar kwamfuta cikin sunan muƙamina. Cikin wata shida na zama mai gyaran firinta. Wayar oga ta ƙi shiga intanet, a kira ni. Majigi ya ƙi kamawa a ɗakin taro, a kira ni, ko da ina tsakiyar aji. Da lokacin ƙarin girma ya zo aka ce ba a ga horon da na gudanar ba, kuma gaskiyarsu ne, domin ba a bar mani lokacin gudanar da shi ba. Shekara uku na yi a haka. Duk sunan da ya karkata zuwa na'ura fiye da koyarwa, wannan haɗarin yana tattare da shi a wurin da babu ma'aikacin kwamfuta na daban.

Na biyar, Masanin Fasahar Koyarwa, wato lanin teknolojis, suna ne da ya fi ƙarfi a jami'o'in Ingila, inda har ƙungiya gare su mai suna ALT tun 1993. Aikinsa taimaka wa malaman jami'a su yi amfani da fasaha a darussansu. Yana da daɗin ji, kuma ga mai niyyar neman aiki ko ƙaro karatu a Birtaniya yana da amfani. A jami'o'inmu kuwa sai an yi hattara. Ma'aikata kashi biyu ne, masu koyarwa da ake biya a tsarin CONUASS da waɗanda ba masu koyarwa ba da ke tsarin CONTISS, kuma kalmar teknolojis a jami'o'inmu tana nufin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ko bita. Sunan da aka rubuta maka ranar farko shi zai ajiye ka a ɗaya daga cikin layukan biyu, kuma tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ke neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko wata babbar makaranta a Daura ya tambayi layin da sunan ya faɗa kafin ya sa hannu.

Sai muka zo kan wanda ya kwanta mashi a rai, wato manaja. Na tambaye shi mutum nawa ne a ƙarƙashinsa. Ya ce babu, sai wani ɗan bautar ƙasa da ke taya shi wani lokaci. Na ce naira nawa zai iya kashewa da sa hannunsa ba tare da ya tambayi mai cibiya ba. Ya yi shiru. Waɗannan tambayoyi biyu su ne ma'aunin manaja a ko'ina: mutane da kasafin kuɗi. Na san abin da ke jan matashi zuwa sunan. Yana da nauyi a gidan surukai, yana da kyau a jikin kati. Amma ka duba abin da zai biyo baya. In ka nemi aikin manaja a babbar ƙungiya, za su ce ba mu labarin ma'aikacin da ka taɓa ladabtarwa, nawa ne kasafin da ka riƙe bara. In kuma ka nemi aikin jami'i, wanda shi ne daidai da kai kuma wataƙila albashinsa ya ninka naka na yanzu, mai tace takardu zai ga manaja ya ce wannan ya fi ƙarfin gurbin, ya ajiye ka gefe. Ka rasa sama, ka rasa ƙasa. Ga kuma ƙananan wurare da kan ba da babban suna a madadin ƙarin albashi, tunda suna ba ya cin ko kwabo.

Bayan shidan, kodineta ma yana ƙasan jerin nasa a matsayin na ko-ta-kwana, kuma wannan kalma ce mai fuska biyu. A kamfanonin kasuwanci kodinetan horaswa ƙaramin muƙami ne, mai tsara jadawali da aika takardun gayyata. A wasu manyan ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa kuwa kodineta yana sama da manaja, shi ke kula da fanni guda a jiha ko a ƙasa baki ɗaya. Saboda haka mai karanta takardarka zai fassara shi gwargwadon inda ya fito. In aikinka da gaske haɗa kan mutane ne, malamai goma a garuruwa goma kana bin kowa, sunan ya dace. In kai ke yin darasin da hannunka, ya ɓoye gwanintarka.

Akwai wasu sunayen da ban ɓata lokaci a kansu ba. Injiniya ba abin ɗauka ba ne don kana taɓa kwamfuta, hukumar COREN ce ke da ikon cewa wane ne injiniya a ƙasar nan. Sababbin sunayen yayi da ake gani a LinkedIn, irin su mai tsara yanayin koyo, galibi aikin mai tsara darussa ne aka sauya wa riga, kuma a Katsina sai ka yi minti biyar kana bayani. Malami kuwa, in makarantar firamare ko sakandare ce, akwai rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, da doka ta tanada tun 1993. Amma ko me aka rubuta a takarda, malaman Baure da ke sauraron muryar yaron nan a waya Malam za su kira shi, kuma hakan ya yi daidai.

Wani abu da ya ɗauke mu lokaci shi ne kalmar da za a liƙa a ƙarshen sunan: ta intanet, ko daga nesa, ko a bar shi haka nan. Koyo daga nesa ya girmi intanet a Arewa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna an kafa ta a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, kuma da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako ta horas da malamai masu yawa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, kuma tana da cibiya a nan Katsina. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, rediyo da talabijin ne suka ɗauki karatun yara a jihohin Arewa da dama. Har yau malamin da ke ƙauyen da layi ba ya kamawa sosai, da katin memori ko saƙon murya darasi ke isa gare shi. Don haka idan masu ba cibiyarku aiki gwamnati ce da hukumomin ilimi, "daga nesa" ya fi faɗin gaskiyar abin da kuke yi, kuma kunnensu ya saba da shi. Idan kamfanoni da ƙungiyoyin waje kake hange, "ta intanet" ko "dijital" suke rubutawa a wurin bincike. Ba na tsoron cewa kalmar za ta tsufa. Sunaye a wannan fanni kullum sauyawa suke. Babbar ƙungiyar masu horaswa ta Amurka, da ta faro tun shekarun 1940, ita ma a 2014 ta sauya suna daga ASTD zuwa ATD. Sunan da zai yi maka aiki shekara uku zuwa biyar ya wadatar.

Ga ma'aikacin gwamnati, jiha ko tarayya, maganar ta bambanta. Ba kai ke zaɓa ba. Kundin tsarin aikin gwamnati ya riga ya jera sunaye da matakansu, mai digiri yakan fara daga mataki na 08, kuma za ka ci gaba da zama jami'in ilimi ko jami'in mulki ko da kai kaɗai ke riƙe da dandalin karatun ma'aikatar. Abin da ke hannunka shi ne ka nemi a ba ka takardar tura ka wannan aiki a rubuce, da sa hannun darakta, a saka kwafi a fayil ɗinka. Ranar da za ka nemi wani aiki, ita ce shaidarka.

Wannan ya dawo da mu kan takardar bayanin ayyuka, wadda a ganina ta kai sunan muhimmanci. Shafi ɗaya ya isa. A jera abin da kake yi bisa nauyinsa, mafi girma a sama, kuma a faɗi wanda kake kai wa rahoto. In akwai abin da ba naka ba ne amma ka san za a riƙa turo maka, kamar gyaran na'urorin ofis, a rubuta wanda ke da alhakinsa. Yawancin masu ƙananan cibiyoyi ba su ƙin wannan, ba su dai taɓa tunaninsa ba ne, kuma in ka rubuto ka kawo za su karanta su sa hannu.

Da muka auna makon nasa, kwana biyu sun tafi a tsara darasi, ɗaya da rabi a haɗawa, ɗaya a kula da dandali, sauran a koyarwa da rahoto. Tsarawa ce ta fi yawa, amma kwas ɗaya tak ya taɓa kammalawa, kuma bai taɓa auna ko malaman sun sauya yadda suke koyarwa a aji ba. Na ce mashi ni a wurinsa Jami'in Horaswa ta Intanet zan ɗauka yanzu, da tsara darussa a layin farko na bayanin ayyuka. Hukumar ilimi za ta gane shi, ƙungiyar da ta ba su aikin za ta gane shi, kuma bai yi da'awar abin da ba zai iya karewa ba. A shafinsa na LinkedIn, ƙarƙashin sunan, ya rubuta tsara darussa da Moodle da naɗar darasi da Hausa, domin wannan na ƙarshen gwaninta ce da ba kowa ke da ita ba, kuma masu aiki a Arewa da Jamhuriyar Nijar suna buƙatarta. Sannan ya roƙi mai cibiyar su sake zama bayan shekara guda. In a lokacin yana da kwas uku da zai nuna, ya kuma je Mani ko Daura ya zauna a bayan aji ya ga abin da malaman ke yi da darasinsa, sai a mayar da sunan Mai Tsara Darussa. Da mai son na'ura ne fiye da koyarwa, da na ce ya bi layin mai haɗa darussa ya fara da H5P. Da kuma cibiyar za ta ɗaukar mashi mutum biyu ta ba shi kasafi, da ban hana shi manajan ba.

Bai ji daɗi sosai ba a daren. Ya ce, "Kawu, abokaina duk manajoji ne a takarda." Na ce na sani, ɗana, je ka kwana da maganar.

Bayan kwana biyu ya turo mani hoton takardar ta WhatsApp. Jami'in Horaswa ta Intanet aka rubuta. Mai cibiyar ya amince da zaman bayan shekara, ya rubuta watan da biro a gefe. Layi ɗaya kawai ya soke, wanda ya ce gyaran kwamfutocin aji ba aikin yaron ba ne. Ya ce wannan sai sun samu wanda zai karɓa, kuma ya yi alkawarin nema kafin ƙarshen zango.